Babi na Bakwai: Guzurin Mai Niyyar Hawa Jirgin Shaƙatawa

Mutanenmu ba baƙin teku ba ne kamar yadda ake zato, domin tun kafin jirgin sama ya zama abin hawan kowa, alhazan ƙasar Hausa da suka ratsa Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, waɗansu cikin shekara guda waɗansu cikin shekaru, ba su isa Jidda ba sai da suka shiga jirgin ruwa a Sawakin suka ƙetare Bahar Maliya. Haka kuma ɗalibai da ma'aikatan da aka riƙa aikawa Ingila neman ilmi, da yawansu ta ruwa suka bi, a jirage irin su Aureol na kamfanin Elder Dempster, wanda ya yi ta kai da kawo tsakanin Ikko da Ingila daga 1951 har 1974, tafiyar kusan mako biyu. Sai dai dukan waɗannan larura ce ta shigar da su jirgi, ruwan kuwa shamaki ne wanda suke ɗokin ganin bayansa. Abin da za mu yi magana a kansa a wannan babi wani al'amari ne dabam, watau mutum ya biya kuɗinsa ya shiga jirgi alhali ba shi da wurin zuwa, muradinsa kawai zaman cikin jirgin da kallon garuruwan da za a riƙa tsayawa, bayan kwana bakwai kuma a sauke shi a tashar da aka ɗauke shi.

Asalin wannan sana'a a sigarta ta zamani dabarar ɗan kasuwa ce. Wani Bajamushe mai suna Albert Ballin, shugaban wani babban kamfanin jirage a Hambug, da ya ga jiragensa suna zaman banza da hunturu saboda mutane suna tsoron haukan Tekun Atlantika a lokacin, sai a 1891 ya cika ɗaya daga cikinsu da masu hali ya aika da su yawo Bahar Rum. Da ya ga abin ya karɓu, a 1900 ya sa aka ƙera jirgi na farko wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Daga baya, da jirgin sama ya ƙwace fasinjojin ƙetare teku, sai kamfanoni suka karkata ga yawon shaƙatawa gaba ɗaya, musamman daga birnin Miyami na Amurka, inda aka kafa kamfanin Carnival a 1972. Yau abin ya kai ga jirgi kamar Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, mai tsawon mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 ban da ma'aikata fiye da 2,000. Wanda bai taɓa gani ba, in ya tsaya a gindin irin wannan jirgi ya ɗaga kai, sai ya yi tasbihi.

Domin kada magana ta watse, bari mu ɗauki hanya guda mu bi ta, wadda ita ce mafi kusa da mu cikin manyan hanyoyi, watau zagayen yammacin Bahar Rum na kwana bakwai, wanda jiragen kamfanoni irin su MSC da Costa suke yi kusan duk shekara. Galibi jirgi yakan tashi daga Basalona ta ƙasar Sifen da yamma, gari ya waye masa a Marseille ta Faransa, kashegari Jenowa ta Italiya, sa'an nan Civitavecchia, wadda ita ce tashar birnin Rum, ko kuwa Nafoli, daga nan tsibirin Sisili, daga nan Malta, a yi wuni guda cur a tsakiyar ruwa ba a ga tudu ba, a komo Basalona. Da dare ake tafiya, da rana ake tsayawa. Wannan ruwa kuwa Musulmi sun daɗe da saninsa: Ibn Jubairu, malamin nan na Andalus, a jirgin mutanen Jenowa ya tashi daga Sabta a 1183 da niyyar hajji, ya yi wajen wata guda kafin ya ga Iskandariyya, a kan hanyarsa ta komowa kuma jirginsu ya farfashe a bakin Messina ta Sisili wajen ƙarshen 1184, da ƙyar aka tsamo su. Wurin da shi ya ga mutuwa ido da ido, nan ne yau ake ratsawa ana shan shayi a baranda.

To, sai dai wannan sauƙi da ake gani, a tudu ake sayensa tun kafin a ga ruwa, kuma dukan abin da ke ɓata wa sabon shiga tafiyarsa, in ka bi salsalarsa, za ka tarar wani abu ne da ya yi sakaci da shi a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Farkon abin kuwa takardu ne, kuma a nan ne mai fasfo na Nijeriya ko Nijar ko Gana ya bambanta da Baturen da aka rubuta tallar dominsa, wanda shi katin shaidarsa kawai zai ɗauka ya shiga. Sifen da Faransa da Italiya da Malta duk suna cikin yarjejeniyar Schengen, saboda haka biza guda ta wadatar musu, kuɗinta yuro 90 tun daga 2024, kuma ba a bayar da ita sai da inshorar lafiya wadda za ta iya ɗaukar nauyin yuro 30,000. Amma a duba jerin tashoshin da idon basira, domin waɗansu jiragen sukan sa Tunis a madadin Malta, ko su leƙa Maroko ko Turkiyya, kuma da zarar jirgi ya taɓa tashar da ba ta cikin yarjejeniyar, an ɗauka ka fita, komowarka shiga ce ta biyu, wadda mai bizar shiga sau ɗaya ba shi da ita. Kada mutum ya ce ai ni ba zan sauka a Tunis ba, zan yi zamana a ɗaki. Wannan hujja ba ta karɓuwa wurin ma'aikacin da ke duba takardu a bakin jirgi, shi abin da ya sani, wanda takardarsa ba ta cika ba ba ya hawa, kuɗinsa kuma ba ya komowa, domin sharaɗin yana rubuce cikin yarjejeniyar da ya amince da ita ranar da ya biya. Saboda haka a nemi biza mai shiga da fita sau da yawa, a tabbata fasfo yana da sauran aƙalla wata shida bayan ranar komowa, a haɗa da katin allurar shawara, a kuma tambayi kamfanin a rubuce abin da yake bukata ga mai irin fasfonka, a ajiye amsar. Mace mai ciki da ya kai mako 24 ba a ɗaukarta, haka jaririn da bai kai wata shida ba.

Bayan takardu sai kuɗi, wanda shi ne wurin da ake yi wa mutane dabara cikin ladabi. Farashin da ake bugawa da manyan haruffa na mutum ɗaya ne bisa sharaɗin su biyu ne a ɗaki, wanda ya tafi shi kaɗai kuwa sau da yawa sai ya biya kusan na biyun. Abin da wannan farashi ya ƙunsa ba kaɗan ba ne, gaskiya: ɗaki, da abinci safe da rana da dare a manyan ɗakunan cin abinci, da wasannin da ake nunawa kowane dare, da wurin iyo da na motsa jiki. Amma lemon kwalba da ruwan gora da gahawa mai kyau duk saye ake yi, a kuma ɗora musu ladan hidima na kashi 15 cikin ɗari ko fiye. Intanet saye, wanki saye, hoton da mai hoto ya ɗauke ka kana shiga saye, motar da za ta zagaya da kai gari in an tsaya saye, ganin likita saye. Hikimar da ke cikin tsarin ita ce ba a taɓa kuɗi da hannu a cikin jirgi. Ranar shiga ake ba ka kati guda, shi ne mabuɗin ɗakinka, shi ne shaidarka a ƙofar jirgi, shi ne kuma jakar kuɗinka, an ɗaure shi da katin bankinka ko da tsabar kuɗin da ka ajiye. Kome kake so sai ka miƙa shi a shafa, kuma sananne ne cewa kuɗin da ba a ƙirga da yatsu ba ba ya zafin fita. Mai hankali yakan duba lissafinsa kowace safiya a waya ko a talabijin ɗin ɗakinsa, ya kuma hana a buɗe wa yara katinsu, in ba haka ba ranar ƙarshe ya ga abin da zai hana shi barci. A kula kuma, katin banki na naira yana da iyaka wajen kashe kuɗi a waje, wani lokaci ma ya ƙi aiki sam, don haka katin asusun dala ko tsabar yuro ya fi aminci. Wayar hannu ita ma a rufe mata layi da zarar an bar gaɓa, domin a tsakiyar teku takan kama layin jirgin wanda ke bi ta tauraron ɗan adam, mai tsadar da ba ta da misali.

Akwai kuɗi guda da nake so in tsaya a kansa, shi ne tukuicin ma'aikata, wanda ake ɗora wa kowane fasinja kowace rana ba tare da an tambaye shi ba. A jiragen Amurka ya haura dala 15 a kan mutum guda a wuni, a na Turai ya ɗan yi ƙasa da haka. Waɗansu kamfanoni suna yarda mutum ya je ya ce a rage ko a cire, kuma akwai masu alfahari da sun yi hakan. Ni ban ga abin alfahari a ciki ba. Yaron da ke gyara maka gado sau biyu a rana, da wanda ke tsaye a kanka da faranti, da waɗanda ba ka taɓa gani ba a can ƙarƙashin jirgi wajen wanki da wanke-wanke, yawancinsu mutanen Filifin ne da Indonesiya da Indiya, sun baro iyalinsu wata shida zuwa tara, suna aiki kwana bakwai a mako, kuma wannan tukuici wani sashe ne na abin da suke aikawa gida. Ko da a ce tsarin bai yi maka daɗi ba, kuma lalle da kamfani ya biya su albashi cikakke ya sa a cikin farashi da ya fi zama adalci, haƙƙin ma'aikaci ba wurin yin tsimi ba ne. A lissafa shi tun a gida cikin kuɗin tafiya.

Zaɓen ɗaki yana da alaƙa da aljihu, yana kuma da alaƙa da ciki. Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki wanda ba shi da taga ko kaɗan, da mai taga wadda ba ta buɗuwa, da mai baranda, da manya na masu dukiya. Na ciki ya fi araha, ya kuma fi daɗin barci, sai dai duhunsa ɗaya ne dare da rana, wanda bai saita ƙararrawa ba sai ya yi sallar asuba da hantsi. Amma abin da ya fi nau'in ɗaki muhimmanci ga sabon shiga shi ne wurin da ɗakin yake, domin jirgi in yana rawa goshinsa da wutsiyarsa ne suke hawa da sauka, benayen sama kuma su ne suke lilo, tsakiyarsa ta ƙasa-ƙasa kuwa kusan a tsaye take. Manyan jiragen yanzu suna da waɗansu fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, har mutum yakan manta a kan ruwa yake. Amma tsakanin Basalona da Marseille akwai wani yanki da iska mai ƙarfi daga arewa takan taso, musamman da hunturu, a nan ne za ka ga ɗakin cin abinci ya yi fili. Wanda ya san mota ma tana sa shi jiri, ya nemi maganin tashin zuciya wurin likita tun a gida, ya sha kafin abin ya kama shi, ya riƙe citta, in ya ji alama kuma ya fita iska ya kafa idonsa inda sama ta haɗu da ruwa. A kuma dubi taswirar jirgin kafin a biya, kada a karɓi ɗakin da ke ƙarƙashin wurin kiɗa ko kicin.

Nasihar da ba ni da shakka a kanta ita ce a isa garin da jirgin zai tashi tun ana gobe. Daga Abuja ko Kano ko Yamai ba safai ake samun jirgin sama kai tsaye ba, sai an yada zango a wani gari, jinkirin sa'a uku a can kuwa ya isa ya cinye tafiyar duka. Kuɗin kwana ɗaya a masauki bai kai komai ba a kan wannan hasara. A tashar, masu ɗaukar kaya za su karɓi manyan akwatuna a maƙala musu lambar ɗaki, ba za ka sake ganinsu ba sai wajen la'asar ko bayan magariba a ƙofar ɗakinka, saboda haka fasfo da magunguna da dardumar salla da tufa guda su kasance a jakar hannu. Dutsen guga da butar lantarki da kyandir da abin turaren wuta duk haramtattu ne a jirgi, za a gan su a na'ura a tsare, domin babu abin da ma'aikacin jirgi ke tsoro kamar gobara. Uwargida ta haƙura da kaskon turarenta na mako guda, ta wadatu da humra. Kilishi da dambun nama su ma a bar su a gida, dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara daga waje, amma yaji babu mai hana shi, kuma wanda ya yi kwana uku yana cin abincin Turawa zai gode wa wanda ya tuna masa da shi. Sai ƙaramar buta ta roba, wadda ba a sa ta cikin jerin da kamfani ke bayarwa, alhali ban san abin da ya fi ta amfani ba a wannan tafiya, domin bayin jirgi ƙanƙane ne, da takarda ake tsarki a cikinsa, ruwansa kuma da iska ake zuƙe shi da wata ƙara mai firgita baƙo.

Kafin jirgi ya ɗaga, wajibi ne kowane fasinja ya san wurin da zai je in an yi hatsari, ya je ya ga wurin da idonsa a rubuta sunansa, ya koyi ɗaura rigar ceto, ya kuma san alamar gangami, wadda ita ce busa gajeru bakwai sa'an nan doguwa guda. Mutane sukan ɗauki wannan wasa ne, suna hira ana bayani. Dokokin tsaron rai a teku kuwa da jini aka rubuta su: na farko bayan nutsewar Titanic a 1912, wanda bai ɗauki kwale-kwalen ceto da za su ishi mutanen cikinsa ba, wannan na yin atisaye tun kafin a yi nisa kuma bayan abin da ya sami Costa Concordia, wanda ya tashi daga Civitavecchia ɗin nan da muka ambata a daren 13 ga Janairu 2012 da mutum fiye da 4,000, bayan 'yan sa'o'i ya daki dutse a gefen tsibirin Giglio ya kwanta, mutum 32 suka rasu, alhali ɗaruruwan da suka shiga a ranar ba a riga an nuna musu inda za su dosa ba. Irin wannan hatsari nadiri ne ƙwarai, ban kawo shi don tsoratarwa ba. Amma tawakkali ba ya kore riƙo da sababi. Mutum ya karanta addu'ar hawa jirgi wadda Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi, kamar yadda ta zo a Suratu Hudu, sa'an nan ya ƙirga ƙofofin da ke tsakanin ɗakinsa da matakala, ya nuna wa 'ya'yansa.

Yanzu sai mas'alar lokaci, wadda ita ce na fi ji wa mutanenmu tsoro. Mun saba da motar tasha, wadda ba ta tashi sai ta cika, in ma ta cika direba yakan jira wanda ya je alwala. Jirgin nan kuwa an yanka masa sa'ar da zai bar matsayarsa, an yi alkawari da matuƙin tasha da zai fitar da shi, wani jirgin yana jiran wurin, saboda haka ba ya jiran kowa, ko attajiri ko basarake. A ƙofar fita akan kafa allo mai nuna sa'ar da ake so kowa ya komo, galibi rabin sa'a kafin tashi. A ɗauki hotonsa, a kuma ɗauki takardar labarin ranar da ake rabawa a jirgi, domin a jikinta akwai lambar wakilin kamfanin a wannan gari. Sa'ar kuwa ta agogon jirgi ce. Sifen da Faransa da Italiya da Malta agogonsu ɗaya ne, amma Tunis da bazara tana bayansu da sa'a guda, Girka tana gabansu da sa'a guda, waya kuma takan canja lokaci da kanta ba ta yi shawara da kai ba. Agogon hannu na gargajiya ya fi ta amana a nan. Birnin Rum ya fi ko'ina cin mutane, domin daga tashar zuwa cikin birni wajen kilomita 80 ne, tafiyar fiye da sa'a guda a jirgin ƙasa, garin kuma ba ya ƙarewa da kallo. Wanda ya bi motar yawon da kamfani ya shirya, ko da yake ta fi tsada nesa, in ta makara jirgi zai jira ta ko kamfani ya ɗauki nauyin kai shi tasha ta gaba. Wanda ya tafi da ƙafarsa ya makara, sai ya tarar da matsaya fayau, ya nemi hanyar cim ma jirgin da kuɗin aljihunsa. Ra'ayina shi ne a bi motar kamfani a wurare masu nisa irin Rum, a yi yawon ƙafa a inda jirgi ke tsayawa a gindin gari kamar Jenowa da Valletta ta Malta. A Basalona kuma a riƙe aljihu da kyau a titin La Rambla.

Game da addini, kada a ɓoye wa mai karatu gaskiya: waɗannan jirage an gina ribarsu a kan giya da caca, gidan cacar yakan buɗe da zarar an bar gaɓa, sau da yawa kuma an ajiye shi a kan hanyar da dole a ratsa, bakin wurin iyo kuwa shigar mutane ba irin wadda muka saba gani ba ce. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta natsu da wannan ba, ko ba ya son 'ya'yansa su gani, ya san da haka tun kafin ya biya. Akwai mafita ga mai so, domin tun Disamba 2024 Saudiyya ta fara gudanar da jirginta mai suna Aroya daga Jidda, wanda ba a sayar da giya a cikinsa, abincinsa kuma halal ne. Wanda ya zaɓi sauran jiragen, ya sanar da kamfani bukatarsa ta abinci makonni kafin tafiya, ya kuma yi magana da shugaban masu hidimar tebur a daren farko, domin abincin Italiya da Sifen cike yake da naman alade a inda ba a zato, miyarsu kuma sau da yawa da giya ake ɗaure ta. Kifi da sauran dabbobin ruwa halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya ba tare da yanka ba, ga ƙwai da ganye da 'ya'yan itace ba iyaka, mai son nama kuwa ya jira Marseille, inda kasuwar Noailles take cike da mahautan Magrib.

Salla a jirgi fukaha'u sun daɗe da warware hukuncinta. Matafiyin ruwa yana ƙasaru kamar na tudu in tafiyar ta kai mil 48, Juma'a kuma ba ta wajaba a kansa; sai dai mashahurin zance a mazhaba shi ne rangwamen haɗa salloli biyu saboda tafiya na matafiyin tudu ne, don haka mai son bin wani ƙauli ya tambayi malaminsa kafin ya tashi. Ana yin farilla a tsaye in an iya, a fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya a juya gwargwadon iko. Daga yammacin Bahar Rum alƙibla tana gabas ne a karkata dama kaɗan, amma kada a dogara da na'urar waya a cikin ɗaki, ƙarfen jirgi yana ruɗa ta. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki mai nuna inda jirgi yake da inda ya sa gaba, da ita ake gane gabas. In an ga ma'aikaci ɗan Indonesiya a yi masa sallama a tambaye shi, sau da yawa ya fi kowa sani. A lura kuma da bazara rana ba ta faɗuwa a Basalona sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, saboda haka, da yake abincin dare zama biyu ake yi, wanda aka ba shi zaman cin abinci na biyu zai ga magariba ta riske shi a kan tebur; ya roƙi a ba shi na farko.

Lafiya ba ta bukatar dogon bayani. Mutum dubu biyar suna taɓa cokali ɗaya da ƙarfen matakala ɗaya, cutar gudawa da amai kuwa nan take yaɗuwa, maganinta wanke hannu da sabulu kafin a ci, wanda ya fi man shafawar da ake ajiyewa a ƙofa. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya taho da maganin da zai wuce kwanakin tafiyar, cikin kwalinsa na asali, ya kuma tabbata inshorarsa ta haɗa da jinya a cikin jirgi da ɗauko mara lafiya daga teku. Abinci kuwa ba ya yankewa dare da rana, kuma kasancewar an riga an biya ba ya halatta israfi.

Daren ƙarshe za a raba takardu masu launi a ce kowa ya fitar da akwatunansa ƙofar ɗaki kafin ya kwanta, a kwashe su cikin dare, sai a tudu za a sake haɗuwa da su. A nan ne ake duba lissafi layi-layi, in akwai kuskure a je a gyara a daren, domin da safe layin masu ƙorafi ya fi na masu karin kumallo tsawo. Ya kai mai karatu, kafin ka rufe akwatin nan ka ware tufafin da za ka sa da safe da takalminka da fasfonka, kada kuma ka yanki tikitin jirgin sama mai tashi kafin azahar a ranar sauka.